Fitilun Kwarin Sunkuye

Ni ne mutumin da ya gano asirin fitilun nan masu gudu a sararin sama, abin da ya gagari malaman gabas, ya ɗaure wa na yamma kai, ya sa masu duba suka naɗe buzayensu. Ba na so ana tuna mini.

Amma tunda an shimfiɗa tabarma, kun kuma yi alkawarin maganar ba za ta sauka daga kan wannan dutse ba, to, da sunan Wanda Ya ɗaga sama ba ginshiƙi, Ya shimfiɗa ƙasa ba turke, Ya ajiye ɗan Adam a tsakaninsu yana ta shisshigi.

Sunana Nomau. A garinmu, Birnin Farin Tudu, ana ce mini Malam Nomau Mai Hisabi. Na yi karatu daidai gwargwado, wato na fi duk wanda na sani. Na san lokacin da taurarin Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa, na san inda Gamzaki ke kwana. Ina kuma da wata ɗabi'a da malamaina suka yi fama da ita ba su ci nasara ba: in aka ba ni labarin abin mamaki, sai in tambayi mai labarin me ya ci kafin ya gani.

Wata shekara fataken gishiri suka riƙa dawowa da zance iri ɗaya. Wai can ƙarshen yamma, da an idar da magariba, wasu fitilu kan keto sama a jere, daga gabas su nufi yamma, da gudun da ido ba ya iya bi. Ba su da wutsiya, ba sa mutuwa a hanya, ba sa ƙara. Malamai suka taru a zauren Liman. Wani ya ce rundunar aljanu ce ke ƙaura. Wani ya ce tsuntsaye ne da suka haɗiyi garwashi. Aka juyo kaina.

Na ce, "Ni a ganina, mutumin da ya yi wata da watanni yana kallon bayan raƙumi, kome ya gani in ya ɗaga kai sai ya ba shi mamaki."

Aka yi dariya, ban da madugun fataken, wani dogo mai suna Barau. Ya ce, "Malam, mu jahilai ne, mun gani ba mu gane ba. Kai da ka gane ba ka gani ba, me zai hana ka je ka haɗa biyun?"

Aka sake yin dariya, wannan karon ba tawa ba ce. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na warware rawanina a gaban kowa, na ce ba zai sake hawa kaina ba sai ranar da na tsaya gaban jama'a na faɗi ko mene ne waɗannan fitilu. Na ɗaura shi a ƙugu, na fita. A lissafina, zan dawo kafin a yi girbi. Ban dai faɗi girbin wace shekara ba.

Na keta sahara, na wuce ƙasar da rijiyoyinta ke ba da ruwan zafi da safe da na sanyi da rana, har na isa Garin Uwar Maƙera, wanda aka gina kewaye da wani baƙin dutse. A nan na fara ganin fitilun da idona, can nesa, ƙasa-ƙasa, suna shuɗewa kamar an wurga duwatsun ado a duhu. Na daɗe a tsaye. Abin da na iya cewa kawai shi ne, ashe fatake ba su ci kome ba.

Sarkin Maƙera ya ga ina kallo, ya dafa kafaɗata da hannu kamar guduma. Ya ce, "Baƙo, tartsatsin maƙerar kakanmu ke nan. Yana can sama yana ƙera wa taurari ƙusoshi kada su zubo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tartsatsi warwatsuwa yake yi. Ban taɓa ganin wanda ya iya bin layi ba."

Ashe a garin, mai musu ba a yi masa gardama. Mari ake sa masa a ƙafa, a zaunar da shi bakin zugazugi, ya yi ta zuga har ya ga gaskiya. Na yi zuga har tafukana suka yi kanta, gaskiya ba ta zo ba. Sai na lura wutar maƙera kiɗa take bi, in hannu ya saɓa sai ta yi fushi. Daga ranar na riƙa zuga da karin wata doguwar waƙar nahawu da muka haddace muna yara, wadda ko mai ita bai daidaita ta ba. Garma ta riƙa fitowa kamar ludayi, fartanya tana lanƙwashewa a ƙasar da aka yi wa ruwa. Manoma suka cika ƙofar fada. Sarkin Maƙera da kansa ya kwance mini mari, ya ba ni guzuri, ya nuna mini yamma, ya roƙe ni in zan koma gida in bi wata hanyar. Na so a ce hujja ce ta fitar da ni.

Daga nan na faɗa wani daji. Da yamma na ji kukan kuraye, na haye wata tsamiya na kwanta a mararrabar rassanta. Da na farka, dutsen da na kwana ina kallo babu shi, ƙasa kuwa tana tafiya a ƙarƙashina. Na leƙa, sai ga saiwoyin tsamiyar suna ɗagawa suna takawa, ga kuka a gefe tana tafe tana nishi, ga ƙirya da marke sun yi gaba. Dajin ne gaba ɗaya ke tafiya neman ruwa. Na zauna na yi lissafi a tsanake, na tabbatar wannan abu ba ya yiwuwa. Da na ga yamma suka nufa, sai na gyara zama.

Abin da lissafin bai gaya mini ba shi ne yadda itatuwa ke shan ruwa. Da muka isa wani babban kogi ba su tsaya a baki ba, ciki suka shiga. Ruwa ya kai gindin tsamiyata, ya kai rassanta, ya kai wuyana. Na kwance rawani na wurga shi kan wata giginya da ke wucewa, na bi shi na ɗare. Giginyar ta kai ni tsakiyar kogi, ta sunkuya ita ma. Masunta ne suka tsamo ni da koma, tare da kifaye da dama waɗanda suka fi ni natsuwa. Nauyina ya yaga komar, suka ce in tafi da ita tunda na riga na saba da ita. Na saɓa ta a kafaɗa. Da na san abin da zan yi da ita, da na bar musu.

A hayin kogin ne Kwarin Sunkuye yake. Duwatsu biyu ne manya, ɗaya gabas ɗaya yamma, garin kuma a kwance tsakaninsu, hanya ɗaya tal, kowane gida ƙofarsa a bakinta. Da rana gajimare kan rufe saman kwarin kamar murfin tukunya, sai rana ta faɗi ya yaye. Na shiga garin daidai an fito daga masallaci. Sai ga fitilun bisa kaina, ba nesa ba yanzu, manya-manya, suna tsaga sama ɗaya bayan ɗaya, fuu, fuu, har da wani ɗan fito siriri. Na saki baki, na waiwaya in ga wa zan yi wa magana. Duk mutanen da ke kan hanya, tsoho da yaro, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Wani ɗan ƙaramin yaro ya fara ɗaga kai, kakarsa ta sakar masa ranƙwashi ba tare da ta daina tafiya ba.

Gidan ƙarshe ta yamma, mai ƙaton rimi a tsakar gida, shi ya karɓe ni. Mai gidan dattijo ne, Baba Jatau, mutum mai sanyin murya. Matarsa Inna Tabawa. 'Ya'yansu mata biyu suna gidan a lokacin. Babbar, Tasalla, ta zo goyon ciki, cikinta na fari bayan ta daɗe da aure tana jira. Ƙaramar, Lantana, mijinta ya rasu ta dawo gida, kuma bakinta ya ishi mutum uku.

Daren farko, muna cin tuwo a gindin rumfa, na ce, "Baba, waɗannan fitilu fa da ke wucewa?"

Ya dubi akushina ya ce, "Malam, tuwon nan ya yi maka kaɗan. Tabawa, a ƙaro wa baƙo miya."

Washegari na tambayi liman, ya ba ni dabino. Na tambayi mahauci, ya yanko mini tsoka. Na tambayi wanzami, ya ce bari ya aika gida a damo fura. Kafin wata ya mutu wandona ya matse ni, ilimina yana nan inda yake. Na kuma lura garin ba magidanci ko ɗaya mai ƙuruciya, daga tsofaffi sai yara sai samari marasa aure. Na tambayi Baba Jatau ina mijin Tasalla yake. Ya ce, "Suna nan waje," ya ce a ƙaro miya.

Sai na ce a raina, mutanen nan tsoro ya kama su, sun mai da abin dodo, aikin mai ilimi ne ya cire musu. Na auna, na ga fitilun suna yin ƙasa sosai in sun zo saitin rimin gidanmu. Na ɗinke komar masunta, na sari gora dogaye na haɗa su baki da baki. Wata rana da la'asar, mutanen gida suna ciki, na hau rimin da kayana. A ranar na gane cewa ni da tsawo ba ma shiri, amma na riga na hau, saukowa ta fi ban tsoro.

Rana ta faɗi, gajimare ya yaye. A ƙasa, Inna Tabawa ta kunna fitila, ta ajiye wa Baba Jatau akushinsa. Sai ga fitilun sama sun taho. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Wata daga baya ta rage gudu daidai saman gidan, ta ɗan karkato. Na ce bismilla, na ɗaga gorar.

Wani abu ya daki komar da ƙarfin da ya fizge gorar daga hannuna. Na ji an ce, "Wayyo Allah!" da muryar namiji. Abin ya faɗo ta cikin rassa yana karya su, ya sauka kan rumfa inda ake shanya kuka da barkono, rumfar ta rushe da shi, ya mirgino har bakin tabarmar Baba Jatau. Wasu baƙaƙen 'ya'yan itace suka watsu ko'ina a tsakar gida.

Ni kuwa daga saman rimi na buɗe murya iyakar ƙarfina. "Na kama! Jama'a, na kama! Ku fito ku gani!"

Babu wanda ya fito. Garin ya yi tsit, ko akuya ba ta yi kuka ba. Baba Jatau bai ɗaga ido daga akushinsa ba, loma tana hannunsa. Can ya ce, ba da kowa ba, "Iska ta taso." Inna Tabawa ta ce, "Ta taso kam," ta hure fitila.

Na sulalo daga rimin, na bar rabin wandona a kan ƙaya. A duhu na ga wata tabarma tana rarrafe ta nufi ƙofa. Na yi tsalle na cafke ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashinta. Ƙafar mutum ce, har da kaushi. Daga cikin tabarmar aka ce da raɗa, "Don girman Allah, bawan Allah, sake ni. Gidan surukaina ne."

Na sake shi. Tabarmar ta fita ta bi hanya. Daga ɗaki na ji Tasalla tana kuka, irin kukan da ake toshe baki da zane.

Gari ya waye. An kawo mini kunu da ƙosai kamar kullum, har an ƙara yawa, abin da ya fi zagi ciwo. Ina zaune na kasa sha, sai ga Lantana da tsintsiya tana tattara 'ya'yan itacen nan. Ta tsaya a kaina.

"Malam Mai Hisabi, an kama tauraro. Za a soya ne ko za a dafa?"

Na ce, "Lantana, wane ne wancan?"

"Bagudu, mijin Yaya. Ni ƙanwar mata ce, abokin wasana ne, ni kaɗai ce a gidan nan bakina ke iya ɗaukar sunansa. Ɗinya ce wannan. Yaya ke kwaɗayinta, kullum sai ya rage gudu ya jefo mata ƙulli ta bayan ɗaki. Jiya ya jefo har da kansa."

Ta zauna kan turmi ta warware mini. A kwarin, kunyar surukai ta kai inda miji ba ya taka hanyar da ta bi ta ƙofar iyayen matarsa, ba ya haɗa ido da su har abada. Hanya kuwa ɗaya ce a garin, kowa surukin wani ne. Don haka ma'aurata suna zaune kan dutsen yamma, gonaki suna kan na gabas. Kakanni suka ɗaura igiyoyi daga dutse zuwa dutse, aka rina su da baba har suka yi baƙi. Magidanci ya shiga kwando, ya rataya shi da ƙugiya, ya sulalo ta saman garin. Da asuba su tafi ta cikin gajimare a wata igiyar, da magariba su dawo a wannan. Fitilar, a cikin ƙwarya mai huji take, kuma sanarwa ce: ga suruki nan tafe, a sunkuya.

Na ce, "To gudun fa?"

"Kunya ce mana. Wa zai tsaya yana jan jiki a saman kan surukinsa? Man kaɗanya suke shafa wa ƙugiya. Sabon ango har ƙwarya guda yake ƙararwa."

"Me ya hana a gaya mini?"

"Wa ka tambaya? Ka bi masu gemu ɗaya bayan ɗaya kana cewa su yi maka zancen mazan 'ya'yansu. Ni kullum ina wuce ka da tulu." Sai fuskarta ta canja. "Malam, ba abin dariya ba ne. In aka faɗa a gaban jama'a cewa suruki ya taka tsakar gidan surukinsa, auren ya mutu, shi kuma ya bar ƙasar. Da ka yi shiru, da iska ce ta taso. Amma ka yi shela, duk gari ya ji. Yau bayan la'asar dattawa za su zauna."

Ta ɗauki ƙwaryar ɗinyarta ta shiga ɗakin yayarta. Ni kuwa na zauna ina kallon rumfar da na rushe, da tabarmar da ba ta dawo ba, da kunun mutanen da na yi wata ina ci ina sha a gidansu. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da ban tsaya tambayar dalili ba.

Bayan la'asar aka taru a dandali. Duk garin ya zo, mata suna bayan zana. Magajin Kwari, wani tsoho mai suna Shekarau, ya zauna a tsakiya. Aka kira Baba Jatau.

"Jatau, an ji motsi a gidanka jiya."

"Iska ce, Magaji. Rumfar ma dama ta tsufa."

"Ka ga wani abu?"

"Ina cin tuwo."

Aka tambayi Inna Tabawa ta bayan zana, ta ce fitilarta ce ta mutu. Aka tambayi maƙwabta, kowa ya ce ya kwanta da wuri, a garin da aka ji ihuna ana tsakiyar cin abinci. Na dubi fuskokinsu, na gane babu wanda bai sani ba. Har wanda ya tsinci kwandon a bayan gari ya mayar da shi kan dutse yana nan zaune. Abin da ya rage kawai kada wani ya furta.

Magaji ya juyo wajena, idonsa a ƙasa. "Malam baƙo, mun ji kai masanin sama ne, ka baro ƙasarku saboda waɗannan abubuwa masu wucewa. Jiya ka kira jama'a ka ce ka kama. Ga jama'a. Me ka kama?"

Na miƙe. Hannuna ya kai kan rawanin da ke ƙuguna. Ga jama'a, ga ni a tsaye, ga amsa a bakina cikakkiya, da igiyarta da kwandonta da man kaɗanyarta. Irin amsar da nake so ce ma, ba aljani ba tsuntsu. Na hango kaina a zauren Liman ina naɗa rawani a hankali, Madugu Barau yana kallo. Saboda wannan tsayuwar na yi zuga, saboda ita aka tsamo ni da kifi.

Sai na dubi Baba Jatau. Carbi yana hannunsa, amma ba ya ja, ya damƙe shi ne kawai. A ƙarƙashin zana kuma na ga ƙafafu biyu kumburarru, na mai tsohon ciki, yatsun sun ƙanƙame ƙasa.

Na ce, "Magaji, na ɗaga koma, wani abu ya dake ta. Da na sauko na duba komar, ba kowa a ciki."

"To mene ne ya dake ta? Kai ne mai ilimi."

 Tun da na fara karatu akwai wasu kalmomi da ban taɓa haɗawa a gaban mutane ba. Na haɗa su ranar, a kan abu ɗaya tak da na sani tabbas a duk rayuwata.

"Ban sani ba. Ilimina bai kai can ba."

Dandalin ya saki numfashi gaba ɗaya. Magaji ya gyaɗa kai ya ce, "Haka magabata ma suka ce. Allah Ya ƙara wa Malam ilimi." Duk garin ya amsa da amin, da ƙarfi, da zuciya ɗaya. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini zafi kamarta ba.

Muka koma gida ni da Baba Jatau. Da muka zauna cin abinci, ya ɗebo naman da ke akushinsa ya zuba a nawa. Magariba ta yi, fitilu suka taho. Na sunkuyar da kai tare da kowa. Na ji wani ƙulli ya faɗo a bayan ɗaki, tim, na kuma ji an yi dariya ƙasa-ƙasa a ciki.

Tasalla ta haifi namiji. Na zauna na gyara rumfa, ta rushe, Lantana ta nuna mini yadda ake kafa ta. Komawa gida kuwa ba ta taso ba: in tafi ba rawani, in ce musu me? Wata rana ina zaune Lantana ta ce, "Malam, kai ba ka tafi ba, ba ka zauna ba, hatsin Baba kuma yana ƙarewa. In zama za ka yi, ka aika a yi magana. Mutumin da ya iya cewa bai sani ba, ana iya zama da shi."

Na ce zan yi tunani. Ta ce in yi, ta riga ta gaya wa Inna.

Sai da aka shafa fatiha na tuna abin da ya biyo baya. Tun daga ranar ban sake ganin fuskar Baba Jatau ba, shi ma bai sake ganin tawa ba. Nakan yi kewar mutumin. Ba mu taɓa yin wata hira ba ban da ta miya, amma nakan yi kewarsa. Aka hau da ni dutsen yamma, aka ba ni gona a na gabas. Bagudu da kansa, yana ɗan ɗingishi, ya kawo mini kwando da ƙugiya da fitila da ƙwaryar mai. Ya ce, "Malam, in ka zo saitin rimi ka ɗaga ƙafa. Akwai masu sa koma."

Kada wani cikinku ya ce ai ga shi yanzu na faɗa, in naɗa rawanina. Ku ba jama'a ba ne, baƙi ne, kun kuma yi alkawari. Ban da haka rawanin yana da aiki: da shi nake ɗaure kaina a jikin kwando.

Bara wasu fatake suka kawo mini labarin gida. Wai a Farin Tudu an ce fitilun sun cinye Malam Nomau, har an yi mini sadaka. Wai kuma sabuwar gardama ta tashi a zauren Liman, don masu zuwa yamma sun ce yanzu akwai wata fitila da ke zuwa bayan duk sauran sun wuce. Ba ta gudu. Tafe take tana rawa, ta tsaya a tsakiyar sama, ta ɗan matsa, ta sake tsayawa, wasu ma sun rantse sun ji kamar tana salati. Wani malami ya ce tauraro ne da ya tsufa. Wani ya ce alamar ƙarshen zamani ce. A nan kwarin kuwa dattawa suna kukan ciwon wuya, don sai sun daɗe a sunkuye kafin ta wuce, sun ce tun da aka kafa garin ba a taɓa yin suruki marar kunya irin wannan ba.

Ni ne. Ba na shafa wa ƙugiyata mai.